JARI KO SHAWARA: WANNE YA FI YI MANA ƘARANCI?

Jama'a, yau wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya nake son mu tattauna a kanta, kuma na san tun kafin in kai ƙarshe wasu za su ce na faɗi son raina. Ba komai, ai dama ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan kasuwa a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san kukan da ake yi guda ɗaya ne: babu jari. Mai shayi ya ce da zai sami jari da ya buɗe shago, tela ya ce da zai sami jari da ya ƙaro keke, mai ƙuli-ƙuli ta ce da za ta sami jari da ta sayi gyaɗa tun da kaka ta ajiye. Ni ma na yi shekaru ina taya su wannan kuka, har ina zagin masu kuɗi da gwamnati a kan sun hana talaka abin juyawa. To amma yanzu na sauya tunani, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Abin da na fahimta shi ne, akwai abin da ya fi jari ƙaranci a wajenmu, wato mutumin da zai zauna da ɗan kasuwa ya duba masa harkarsa, ya gaya masa gaskiya, ya kuma nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Bari in ba ka labarin abin da ya juya ni, ya mai karatu.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, da ke da injin casar shinkafa a wani ƙauye cikin ƙasar Gummi. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya shaye-shaye, ba ya caca, tun asuba yana bakin inji har magariba. Da kaka in ka je wurinsa sai ka rantse ya fi kowa samu, domin buhunan shanshera ne jibge har bakin hanya, mata da yara suna layi. Wata shekara ya sami rance daga wani shiri, ya ƙaro inji na biyu, muka yi ta yi masa murna. Ba a rufa shekara biyu ba sai ga Kawu ya sayar da sa, ya sayar da baburinsa, yana neman jinginar da gonar gado don ya biya bashi. Da na je gaishe shi a 2022 na tarar ya rame, ana ta cewa sammu ne, wasu na cewa baki ne ya kama shi.

Ni ba masanin kasuwanci ba ne, abin da na iya bai wuce tarawa da ɗebewa ba. Na dai sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare na ce, "Kawu, don Allah ka bar ni in zauna nan kwana bakwai in rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita."

Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, mi za ka rubutawa? Injina na, kuɗɗina na. Wa zai cuce ni?"

Da ƙyar ya yarda. Ranar da kwana bakwai suka cika muka baje lissafi a kan tabarma. Ashe a wannan shekarar kuɗin man gas ya ninka fiye da sau biyu, amma Kawu bai ƙara ladan casa yadda ya kamata ba, don yana jin kunyar mutanen gari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin da yake yi bashi ne, kuma ba a rubuce yake ba, wanda ya tuna ya biya, wanda ya manta shi ke nan. Cefanen gida, da kuɗin magani, da gudummawar biki, duk daga gwangwani ɗaya suke fita da kuɗin mai. Dusar da masu kiwo ke saye da kuɗi a kasuwa, shi kyauta yake bari a kwashe. Wato inji na biyun da ya ƙaro ba riba ya ninka masa ba, asara ya ninka. Kawu ya yi shiru ya daɗe, can ya ce, "Ashe ni ka biyan mutane su kawo min shinkahwa!"

To ka ji. Jarin da muke ta kuka a kai ya zo hannun Kawu, amma da yake tulun a fashe yake, ƙarin ruwa bai cika shi ba. Kuma ina da yaƙinin irin Kawu suna da yawa daga Bagega har Nasarawar Burkullu, daga Daki Takwas har Gwashi.

Shin mene ne aikin mai ba ɗan kasuwa shawara? A ganina bai wuce abu huɗu ba. Na farko ya koya maka sanin ribarka, domin ciniki daban riba daban. Na biyu ya taya ka yanka farashi da zaɓen abin da za ka sa kuɗi a kai, ko ma ya ce maka kada ka ci bashin nan yanzu. Na uku ya shirya maka takardu, wato rajistar sunan kasuwanci, asusun banki da sunan sana'a, lambar NAFDAC ga mai sarrafa abinci, da rubutaccen tsarin yadda za ka juya kuɗi. Na huɗu ya haɗa ka da mai saye da mai ba da tallafi. Babu sihiri a ciki, amma rashinsa na durƙusar da gida.

Abin haushin shi ne ƙofofin suna nan, ba wai babu su ba. Tun 2003 aka yi dokar kafa SMEDAN, hukumar da aikinta ke nan raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma ƙidayar da ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna a 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i sama da miliyan 39 a Nijeriya. Akwai Bankin Masana'antu da aka sake wa fasali a 2001, akwai Bankin Manoma, akwai Bankin Raya Ƙasa na DBN da ya fara aiki a 2017, wanda ba ya ba mutum kuɗi hannu da hannu sai ta hanyar bankuna da ƙananan bankuna. A 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗagawa, a 2017 aka yi mata doka, ma'ana inji, ko dabbobi, ko kayan shago na iya tsayawa jingina ba sai mutum na da takardar fili ba. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take zaɓar matasa a faɗin Afirka tana horar da su, tana ba kowane dala 5,000. A 2020, bayan annobar korona, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta a Hukumar Rajistar Kamfanoni.

Yanzu don Allah ka tsaya a kasuwar Bukkuyum ka tambayi mutum 20 ko sun san da rajistar kadarorin nan. Ka tambayi mai man gyaɗa a Anka ko ta san inda ake neman lambar NAFDAC. Kusan duk waɗannan abubuwa da Turanci ake sanar da su, ta intanet ake cike su, a Gusau ko Abuja ofisoshinsu suke. Mutumin Gummi da zai je Gusau sai ya bi ta Daki Takwas da Anka ya fita Mayanchi, hanyar da kowa ya san halin da ta shiga a shekarun nan. Ka tuna kuma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin jihar na tsawon makonni, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Wanda ba shi da mai yi masa jagora, ta ina zai bi? Shi ya sa tallafi ke ƙarewa a hannun 'yan birni masu wayo, na ƙauye kuma ya faɗa hannun 'yan damfara masu sayar da fom na ƙarya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma batun kuɗin ruwa, wanda duk mai son ya taimaki ɗan kasuwar Zamfara dole ya fahimce shi. Da yawa daga mutanenmu ba sa kusantar banki sam, saboda tsoron riba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma mutum nawa ne aka zaunar aka yi wa bayanin cewa tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021? Mutum nawa suka san murabaha, inda banki zai sayi injin ya sayar maka da ƙayyadaddiyar riba ka biya sannu a hankali? Ko salam, inda ake biyan manomi kuɗin amfani tun kafin girbi? Waɗannan suna cikin littattafan fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure, sai dai babu wanda ya haɗa karatun zaure da takardar banki. Mai shawara na gari shi ne gadar.

Idan kana ganin maganar shawara ƙaramar magana ce, to mu tuna da 2010. A farkon wannan shekara ce ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya aka gano Bagega ma abin ya yi muni, wadda sai a 2013 aka share mata ƙasa. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu da gubar dalma. Me ya jawo? Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka koma haƙa, suna kawo duwatsun cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Wannan fa ƙaramar sana'a ce kamar kowace, masu ita na samun kuɗi, ba jari suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu dutsen nan akwai dalma a cikinsa, ku niƙa shi nesa da gari, ku jiƙa shi da ruwa don kada ya yi ƙura, ku yi wanka ku sauya tufafi kafin ku shiga gida. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi a riƙa kai wa ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa masu rajista irin wannan jagoranci, to amma wa ya taya su kafa ƙungiyar balle rajista? Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a Disamba na 2024. Tambayar da nake yi ita ce, da aka ɗage, an tanadi masu zama da mahaƙan nan su nuna musu hanya, ko kuwa sai an sake haƙa ƙananan kaburbura?

Sai dai kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kiran a ƙara yawan taron bita ba ne, irin wanda ake tara mutane a ɗakin taro na otal kwana biyu, a yi ta Turanci, a raba shinkafa da kuɗin mota, a ɗauki hoto a watse. Wannan mun gani mun gaji. Masu bincike ma sun auna abin a ƙasashe da dama. A Lome ta ƙasar Togo an gwada a kan ƙananan 'yan kasuwa 1,500, sakamakon ya fito a 2017: waɗanda aka koya wa zaburar da kai da neman mafita da kansu ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, waɗanda aka yi wa darasin kasuwanci na al'ada kuwa ƙarin nasu bai taka kara ya karya ba. A unguwar Dandora ta birnin Nairobi an haɗa mata masu sabuwar sana'a da gogaggun 'yan kasuwa na unguwarsu, ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, alhali waɗanda aka sa a aji ba su ga canji ba, kuma da alaƙar ta yanke sai ƙarin ya dushe. A Jamhuriyar Dominika an gano cewa ƙa'idoji masu sauƙi, kamar a ware aljihun kuɗin gida daban da na sana'a, mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, sun fi cikakken darasin akanta amfani ga masu ƙaramin ilimi. A nan gida Nijeriya ma, Stephen Anderson da David McKenzie na Bankin Duniya sun gwada a kan kamfanoni 753, suka tarar haɗa mai sana'a da ƙwararren da zai riƙe masa lissafi ko talla ya fi tura shi aji amfani.

Ka ga duk bakinsu ya zo ɗaya: shawarar da ke aiki ita ce mai sauƙi, wadda ta fito daga wanda ya san kasuwar, aka yi ta a bakin sana'a, aka kuma riƙa dawowa ana dubawa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Haka fatake suka yi ta renon yaransu a hanyar Gwanja. Yaro zai bi ubangidansa shekaru, ya koyi sanin kaya, ya koyi wa ake ba bashi wa ake hanawa, sannan a yaye shi da jari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan tsari na yara da wakilai ya mamaye cinikin gyaɗa. Jari a ƙarshe yake zuwa, bayan an ga hankali. Mu ne muka juya abin, muke son a fara da kuɗi. Amurka ma da take taƙama da arziki ba ta bar ƙananan 'yan kasuwarta haka nan ba: tun 1964 take da ƙungiyar SCORE ta tsofaffin manajoji da 'yan kasuwa masu ba da shawara kyauta, a 1980 kuma ta yi dokar kafa cibiyoyin raya ƙananan sana'o'i, yawancinsu a jikin jami'o'i.

Na san wani zai ce, malam, mutanen da ke kwana da ido ɗaya, waɗanda aka kora daga gonakinsu, su kake wa maganar littafin lissafi? Gaskiya ne, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma babu shawarar da za ta maye gurbin tsaro. Amma ka duba garin Anka yadda ya cika da waɗanda suka baro ƙauyukansu. Manomin da ya rasa gona, da matar da aka kashe wa miji, yanzu da ƙaramar sana'a suke ci, kuma ɗan abin da ke hannunsu in ya narke babu na biyu. Wanda ke da rumbu goma zai iya yin kuskure ya tashi, mai tiya ɗaya ba shi da wannan damar. Haka ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agusta na 2024, wanda ba shi da rubutu ko rajista da me zai nuna abin da ya yi asara in an zo rabon taimako?

Sai dai akwai wani abu da matsalar tsaro ta ƙara, wanda duk mai tsara irin wannan aiki daga Abuja ba zai hango ba. A yankinmu yau, a san kana da kuɗi haɗari ne. Mutane na ɓoye samunsu ko ga 'yan'uwansu saboda tsoron masu kai rahoto ga 'yan bindiga. Saboda haka ɗan kasuwa ba zai buɗe wa baƙo cikinsa ba, kuma yana da hujja. Mai shawara a Anka ko Bukkuyum dole ya zama mutumin da gari ya yarda da amanarsa, wanda abin da ya gani a littafin wani ba zai fita bakinsa ba ko a gaban matarsa. In babu wannan, kome iliminsa aikin banza ne.

To mene ne abin yi? Ga nawa ɗan tunanin. Kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ta ware ɗaki guda a bakin kasuwa, ba a sakatariya ba, inda ranar kasuwa mutum zai shiga a cike masa fom, a duba masa lissafi, a gaya masa tallafin da yake na gaskiya da wanda yake na 'yan damfara, duk da Hausa kuma kyauta. A nemo tsofaffin ma'aikatan banki, da malaman gona, da malaman makaranta da suka yi ritaya, waɗanda Allah Ya albarkaci garuruwan nan da su, a haɗa su da manyan 'yan kasuwar da suka yi suna da gaskiya. Ɗaliban akanta da kasuwanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, a riƙa turo su aikin sanin makama wurin masu injin niƙa da teloli, maimakon su je ofis suna sayo wa ma'aikata abinci. A horar da mata masu shiga gida-gida, domin rabin sana'ar garuruwanmu a bayan katanga take, wurin masu man gyaɗa, da daddawa, da turara shinkafa, da kiwon awaki. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, in za ta ba mutum jari, ta haɗa shi da wanda zai riƙa leƙa shi wata-wata. Masu martaba Sarkin Zamfaran Anka, da Sarkin Mafaran Gummi, da Sarkin Bukkuyum su sa albarka, domin a wajenmu abin da fada ta amince da shi ne jama'a ke sakin jiki da shi. Gwamna Dauda Lawal kuwa tsohon ma'aikacin banki ne, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da ke sa banki ya ƙi takardar ɗan ƙauye ba. A kuma auna aikin da yawan sana'o'in da suka rayu bayan shekara biyu, ba da yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta ba.

Mu ma da muka yi boko muna da namu laifin. Kowanenmu yana da kawu, ko inna, ko ƙane mai sana'a. Mun iya aika musu kuɗi da salla, amma ba mu taɓa zama mun tambaye su nawa suke saye nawa suke sayarwa ba. Littafin da na saya wa Kawu bai kai kuɗin katin waya ba.

Shi dai Kawu ya sayar da inji ɗaya ya rage bashi, ya ƙara ladan casa, mutane suka yi gunaguni na mako biyu suka saba. Ya sami gwangwani biyu, ɗaya na gida ɗaya na inji. Ɗansa na sakandare ne ke riƙe da littafin bashi, dusa kuma yanzu aunawa ake yi. Bai zama attajiri ba, har yau yana fama da tsadar mai, wani lokacin ma shanshera ba ta isowa saboda hanya. Amma gonar gado tana nan ba a jinginar ba. Zuwana na ƙarshe da zai raka ni bakin mota ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, da an hwaɗa min wanga tun hwarko, da ban ci bashin ga ba."

Wannan magana tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wanda yake ganin na yi kuskure, ƙofa a buɗe take, ya kawo tasa hujjar mu ƙaru da juna. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Wassalam.